Yadda Salansar Motata Ta Hana Surukina Cin Wake

Motata ta farko 'yar Kwatano ce, ruwan toka, wadda na tabbata ta binne Turawa masu yawa kafin ta iso hannuna. Lokacin ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kazaure, kuma tsakanin gidana da ofis ba wata tafiya ba ce, kafin inji ya gama hamma na riga na iso. Amma ko almajiran tasha ba su kai ni yawo da mukulli a yatsa ba. Idan na shiga masallaci sai na ajiye shi a gabana yadda sahun baya ma za su gani.

Wanda ya fi kowa cin moriyar motar nan surukina ne, mahaifin uwargidana. Bafulatani ne na wajen Roni, dogo, siriri, mai sanda da malafa, wanda ya sayar da yawancin shanunsa ya zauna yana noman gero da gyaɗa. Shanu sun bar shi, amma shi bai bar su ba. Duk ranar kasuwar Gwiwa sai ya je kara, ba don ya saya ko ya sayar ba, sai don ya tsaya ya kalli shanun mutane yana girgiza kai yana cewa ba a iya kiwo yanzu. Da can a bayan babur yake zuwa, yana riƙe da malafa da hannu ɗaya, rai a ɗaya hannun. Da na yi mota sai na ce wannan wahala ta ƙare. Ranar kasuwa nakan saci jiki daga ofis, in biya ta Roni in ɗauke shi.

Duk wanda ya san surukuta a wajenmu ya san irin zaman da muke yi. Ba na cin abinci a gabansa, ba na shan ruwa, ba na kallon ƙwayar idonsa. Baffa nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, ko da yake ban taɓa koyar da ko kaza ba. Uwargida kuwa 'yar farinsa ce, don haka ko sunanta bai taɓa kamawa ba. Idan zai tambayi lafiyarta sai ya ce, "Ya mutanen gida?" kamar yana tambayar labarin wata ƙasa mai nisa.

Idan na iso sai in tarar da shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa tare da dattawan unguwa. In durƙusa in gaishe su ɗaya bayan ɗaya har gwiwata ta fara kuka, in buɗe masa gidan gaba, in sa sandarsa a baya. Sannan in yi babbar karramawar da nake da ita: in ɗage gilasai duka, in kunna sanyi. Ni kaina ba na kunna wa kaina sanyin nan, saboda shan mai. Na Baffa ne shi kaɗai. Mu kama hanya, gero ya yi kore shar dama da hagu, duwatsun Roni suna bayanmu, yana ba ni labarin shekarun da yake kora shanu har cikin Nijar da ƙafa. Ba ya yawan magana, amma idan ya fara labarin wani bijimi fari da ya taɓa mallaka, sai ka rantse ɗansa ne na cikinsa. Har yau ban yi tafiyar da ta kai waɗannan daɗi ba.

A cikin wata damina abin ya fara. Akwai wani hawa bayan an bar Roni inda dole in taka mota sosai. Muna tsakiyar hawan nan, Baffa yana tsakiyar labarin bijimi, sai wani wari ya taso. Ba wari ba ne na wasa. Ka ɗauki ƙwan zabi da ya kwana arba'in a rana, ka fasa shi a cikin tulu, ka sa kanka ciki, to ka fara kusantar abin. Idona ya kawo ruwa. Ƙudan da ya biyo mu tun daga Roni na ga ya faɗo daga jikin gilas, ƙafafu sama.

Kuma daga ɓangaren Baffa yake tasowa.

Labarin bijimi ya tsaya cak. Ni na kafe ido a kan kwalta, shi ya kafe ido a kan gonaki. Hannuna ya kai kan maɓallin gilas, sai na janye shi kamar na taɓa garwashi. In sauke gilas yanzu, me na ce ke nan? Na ce, Baffa, na ji abin da ka yi. Gara in mutu a kan sitiyari. Shi ma bai taɓa nasa ba. Haka muka tafi a rufe ruf, sanyi yana ta juya mana abin yana raba mana daidai wa daida, ina numfashi da gefen baki kamar kifin da aka fitar daga dam.

Da muka isa Gwiwa, bai nufi kara ba. Ya ce, "Malam, ko akwai buta kusa?" Na samo masa. Ya koma gefe ya sake alwala, alhali na san da alwalarsa yake fita daga gida. Na ce a raina, to, magana ta tabbata, Allah ya rufa mana asiri, tsufa ba shi da kunya. Na ƙudura cewa ko uwargida ba za ta ji wannan daga bakina ba.

Mako na gaba, a hawan nan dai, abin ya dawo, har ya fi na farko ƙarfi. Na bayansa ma haka. Kullum gilas a rufe, kullum shiru, kullum buta a Gwiwa. Labarin bijimi ya ɓace gaba ɗaya. Baffa ya koma zama a takure jikin ƙofa, ya haɗa gwiwoyi, kamar baƙon da ya shigo gidan da ba a gayyace shi ba. Ni kuma, don in nuna masa ban ji komai ba, sai na ƙara sanyi, ina ta surutu a kan farashin taki.

Sai wata ranar kasuwa na iso gindin darbejiya na tarar da dattawa ban da shi. Aka ce ba ya jin daɗin jikinsa, in tafi kawai. Mako na gaba aka ce ya shiga gona. Na gaba kuma aka ce yana barci, mutumin da tun da na san shi rana ba ta taɓa ganin bayansa a tabarma ba.

Ƙanwarsa, wadda muke kira Goggo, ita ke riƙe masa gida tun rasuwar matarsa. Ita ta zo Kazaure ta shige ɗakin uwargida suka daɗe. Da ta tafi, uwargida ta fito ido jajir.

"Malam, Baffa zai bar Roni."

"Zuwa ina?"

"Rugar ƙaninsa, can bayan Ɓabura, bakin iyaka. Ya ce da an cire gero zai tafi, kuma ba zai dawo ba."

"Me aka yi masa?"

"Goggo ma ba ta sani ba. Ta ce ya daina cin wake, ya daina cin ƙwai, ya daina shan nono. Bafulatani fa, Malam, ya daina shan nono! Kullum sai jiƙon kanwa. Ya bar sahun gaba a masallaci ya koma can baya kusa da takalma. Ta matsa masa, abin da ya ce kawai shi ne, idan mutum ya kai shekarun da jikinsa ke aikata abu bai sani ba, gara ya koma daji inda shanu ne kaɗai shaida."

Na gane abin da yake nufi, amma ban iya gaya mata ba. Dattijon nan bai ji fitar komai daga jikinsa ba, wannan ne ma ya fi tayar masa da hankali. Ya ɗauka abin yana kuɓuce masa ba tare da saninsa ba, kuma a gaban mijin 'yarsa ta fari.

Washegari na ce bari in je Roni ko zan shawo kansa, ko da yake ban san da wane baki zan fara ba. Ban same shi ba, aka ce ya yi wajen Gwiwa da ƙafa ganin wata gona. Na bi hanyar ni kaɗai. Don kewa, sai na ɗage gilasai na kunna sanyi kamar yana nan. Ina taka mota a hawan nan, sai ga mutumin, wato warin nan, ya taso, cikakke, bai rage komai ba, daga kujerar da babu kowa a kanta.

Na taka birki har motar ta yi gefe. Da farko na ce kujera ce ta riƙe. Sai kuma wani tunani ya zo mini da ya sa gumi ya keto mini: kada dai ni ne tun farko? Na fito na zagaya motar ina shinshina kamar karen farauta. Da na iso baya, wajen bakin salansa, na sunkuya, sai da na ga taurari da rana tsaka.

Kai tsaye na wuce garejin taubashina a Kazaure. Ɗan kawuna ne, makanike, kuma tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Na ba shi labari tun daga farko, ina rage murya. Bai bari na kai ƙarshe ba ya kwanta a kan benci yana dukan ƙasa da sifana.

"Wato kai da surukinka kun yi damina guda kuna zargin tsoho da tusa!"

"Rufe mini baki, mutane na ji."

"Su ji mana! Kai, bawa, Allah ya yi maka mota bai yi maka hanci ba. Wa ya taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan ya rayu?"

Amma shi ma gwanin bai gano ta nan take ba. Ya fara rantsuwa cewa ƙwan zabi ne ya gangara ƙarƙashin kujera, tunda Goggo takan ba ni tsaraba. Muka cire kujeru, muka samu ɓawon gyaɗa, da hular da na yi shekara ina nema, babu ƙwai. Ya ce to ɓera ne ya mutu a bututun sanyi. Babu ɓera. Ya ce batir ne, don idan caji ya yi masa yawa yakan tafasa ya yi irin wannan warin. Ya buɗe gaba ya shinshina batir kamar mai sayen turare, ya ce lafiyarsa ƙalau. Sai da ya kwance fulogai ya gan su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, sannan ya daina dariya.

"Ina kake shan mai?"

"Wajen 'yan bumburutu masu man jarka, a hanyar Ɓabura. Ya fi sauƙi."

"Ya fi sauƙi! Ga sauƙin nan ka shaƙa."

Ya sa motar a rami ya shiga ƙarƙashi da tocila, yana yi mini bayani daga can kamar mai magana daga kabari. Ya ce a jikin salansa akwai wata 'yar na'ura da ke gaya wa inji yawan man da zai sha. Tawa ta mutu, don haka inji yana ta ɗurar mai fiye da abin da zai iya ƙonawa, man kuma ga datti. Ragowar sai ta gangara cikin tukunyar salansa, inda akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda aikinsa shi ne tace hayaƙi. Saƙar ta toshe, ta ƙone, ta daina tacewa. Shi ya sa idan mota ta yi zafi aka taka ta a hawa take amayo warin. A cikin gari ba na ji, domin ba na nisa kuma gilas a buɗe nake yawo.

"To me ya sa daga wajen Baffa yake fitowa?"

"Sauko ka gani, idan cikinka zai bar ka."

Na sauka. Bututun ya ɓule a wajen haɗi, kuma daidai samansa ƙasan motar ya ci tsatsa ya yi rami, a ƙarƙashin kujerar gidan gaba. Wato duk lokacin da na rufe gilas don in girmama Baffa, hayaƙi nake tara masa a ƙarƙashin riga.

Taubashi ya ɗauko kayan walda. Na riƙe hannunsa.

"Kada ka taɓa ta."

"Ka haukace? Warin kake so?"

"Idan ka gyara ta yau, wa zai gaya wa Baffa ba shi ba ne? Ni? In durƙusa in ce, Baffa, abin nan da muka yi ta ji, wanda na ɗauka kai ne? Ai ranar zai tafi, ba zai jira gero ba."

"To 'yarsa ta gaya masa."

"'Yar fari?"

Ya sosa ƙeya da sifana. Ya ce, "Ku dai Fulani da masu auren Fulani, Allah ya shirye ku. To ya kake so a yi?"

Na ce motar da ta yi ɓarnar ita za ta je ta wanke shi da bakinta.

Da la'asar ɗin washegari muka nufi Roni ni da shi. Muka wuce gari, muka hau hawan nan muka sauko, muka sake hawa, har motar ta yi zafi kamar tanderu. Sannan muka juyo. Na yi sa'a Baffa yana gindin darbejiya, amma can gefen tabarma, nesa da sauran dattawa, ya rame har malafa ta yi masa yawa. Maimakon in tsaya nesa yadda na saba, sai na yi kwana na juyo da bayan motar saitin tabarma, na bar ta a kunne. Na fito na durƙusa ina gaisuwa, ina ba da haƙuri cewa motar ce ba ta da lafiya, idan na kashe ta ba za ta tashi ba. Taubashi ya zura hannu ta taga daga waje, ya danna totur da dogon sifana, don kowa ya ga babu mahaluki a ciki.

Motar nan ba ta taɓa yi mini biyayya irin ta ranar ba. Ta saki abin gaba ɗaya. Wani dattijo ya ja rawani ya toshe hanci yana salati. Wani ya tashi da gudun da iyalinsa suka ce rabon da su gani tun yana saurayi. Akuyar da ke ɗaure a jikin danga ta tsinke igiya. Limamin unguwa ya ce, "Subhanallahi, Malam, mushe ka ɗauko?"

Taubashi ya ɗaga murya, yana fuskantata kamar da ni kaɗai yake.

"Ka ji abin da nake gaya maka, bawa! Salansa ce. Ta daɗe tana yi, tun farkon damina. Da an taka ta a hawa sai ta saki. Ga rami kuma daidai ƙarƙashin kujerar gaba, duk wanda ya zauna nan sai ya ɗauka ko shi ne ya yi..."

Na take masa ƙafa da dukan nauyin da Allah ya ba ni.

"...ya ɗauka ko ƙwai ya taka," ya ƙarasa yana ɗingishi.

Baffa shi kaɗai ne bai toshe hanci ba. Na saci kallonsa, na ga ya ɗaga kai yana jan iskar a hankali, kamar mai son ya tabbatar da muryar wani da ya sani. Sai ya dogara sanda ya tashi, ya zagaya bayan motar, ya tsaya. Ya dawo gefen gidan gaba. Bai kalle ni ba, taubashi ya kalla.

"Yaro, ina ramin?"

Taubashi ya buɗe ƙofa ya ɗaga shimfiɗar ƙafa. Dattijon nan ya sunkuya ya zura ƙarshen sandarsa a ciki har ta taɓa ƙasa. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe, sai ya dafa bayan motar sau biyu, yadda ake dafa saniya.

"Ashe dabbar ce ba lafiya," ya ce. "A nema mata magani, Malam. Tana wahala."

"To, Baffa."

Ya juya ya nufi zaure. Daga bakin ƙofa muka ji ya ɗaga murya yana kiran Goggo, muryar da na yi makonni ban ji ba, yana tambaya ko akwai sauran nono a gidan, kuma me ya sa aka daina dafa wake, ko an hana noma shi ne.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Taubashi ya so ya fasa tukunyar ya zubar da saƙar ya mayar mini da ita fanko, wai kowa haka yake yi. Na ƙi, don na san akwai masu sayen ta kuma aljihunsa yake yi wa tanadi. Muka je Kano muka samo wata tukunyar ta hannu mai lafiya da sabuwar na'urar, ya canza fulogai da matatar mai, ya wanke nozul, ya yi waldar bututu, ya toshe ramin da faranti. Ya sa na yi rantsuwa a gaban yaran gareji cewa na rabu da man jarka. Muka gwada ta a hawan nan, gilas a rufe, babu abin da muka ji sai warin taubashi, wanda shi ba ya gyaruwa.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, tun daga nesa na hango malafa a bakin hanya. Bai ma jira ni a gindin bishiya ba. Na durƙusa, na buɗe masa ƙofa, na sa sanda a baya. Na kai hannu zan kunna sanyi, sai ya ce, "Bar shi, Malam. Iskar Allah ta fi." Ya lalubi maɓallin da kansa ya sauke gilas har ƙasa, ni ma na sauke nawa. Muna isa hawan, ya gyara zama ya ce, "Na taɓa ba ka labarin wani bijimi fari da nake da shi?" Na ce ban taɓa ji ba.

A Gwiwa bai nemi buta ba. Ya wuce kara kai tsaye, ya tsaya a gaban wani ɗan maraƙi yana girgiza kai.

An cire gero a shekarar, ƙaninsa ya zo daga bayan Ɓabura da niyyar tafiya da shi, ya koma shi kaɗai da damin gero biyu a bayan babur. Baffa ya koma sahun gaba, kuma a nan ya ci gaba da salla har shekarar da muka kai shi makwancinsa a Roni. Tsawon shekarun nan ni da shi ba mu taɓa ta da maganar ba, ko da ido. Uwargida ma sai bayan rasuwarsa na ba ta labari, ta yi dariya har ta koma kuka, ta ce da ta sani da ta riƙa aika masa da ƙosai.

Motar ta daɗe da zama tukwane da murhu a hannun maƙera. Wadda nake ja yanzu ba ta wari, ba ta tari, sanyinta kamar na ɗakin ajiye gawa. Amma idan hanya ta bi da ni ta Roni na iso hawan nan, nakan kashe shi in sauke gilasai duka biyu, har da na gefen da babu kowa.